Audu Bako: Ɗan sandan da ya tare Kogin Kano a Tiga

Duk wanda ya hau bisa ginin madatsar ruwa ta Tiga, a ƙaramar hukumar Bebeji, ya juya fuskarsa kudu, ba zai hango ƙarshen ruwan ba. Tafki ne da faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 178 a yadda aka tsara shi, ya miƙa ta ƙasar Rano da Tudun Wada har ya taɓo bakin dajin Falgore. Masunta ne ke kai da komo a kansa yanzu. A ƙarƙashinsa kuwa akwai gonaki da rijiyoyi da kufan gidaje da maƙabartu na mutanen da aka tasa a farkon shekarun 1970.

Mutumin da ya sa aka yi wannan aiki bai taɓa karatun injiniya ba. Ɗan sanda ne. Alhaji Audu Bako shi ne gwamnan Jihar Kano na farko, ya riƙe ta daga 1967 zuwa 1975, kuma shekaru sama da arba'in bayan rasuwarsa har yanzu da shi ake auna duk gwamnan da ya zo. Yabon da ake yi masa yana da tushe. Sai dai labarin Tiga ya fi yabon faɗi, domin aiki ne da aka yi cikin sauri, a ƙarƙashin matsi ta ko'ina, kuma wasu daga cikin waɗanda suka ɗauki nauyinsa ba a tambaye su ba.

Ɗan bariki

An haifi Audu Bako a 1924 a barikin 'yan sanda na Kaduna. Mahaifinsa ɗan sanda ne da ya daɗe yana aikin. Ya yi makaranta a Kaduna, ya wuce Midil ta Zariya, sannan a 1942 shi ma ya sa kaki. Ya koyar da dokokin aikin ɗan sanda a kwalejin 'yan sanda ta Kaduna, daga baya ya kai muƙamin mataimakin kwamishina mai kula da 'yan dokan En'e na Jihar Arewa baki ɗaya.

Wannan muƙami na ƙarshe ya koya masa abin da ba a koyarwa a aji. Ya san yadda En'e ke tafiya daga fadar sarki zuwa hakimi, zuwa dagaci, zuwa mai unguwa. Ya san yadda umarni ke sauka da sauri ta wannan tsani, da yadda kuka ke wahalar hawa ta cikinsa.

Ranar 27 ga Mayu 1967 Yakubu Gowon ya raba Najeriya zuwa jihohi 12. Uku daga cikin gwamnonin da ya naɗa a Arewa 'yan sanda ne: Usman Faruk a Arewa maso Yamma, Joseph Gomwalk a Binuwai da Filato, sai Audu Bako a Kano. Kanon wancan lokaci ta haɗa har da Jigawa ta yau, wato masarautun Kano da Haɗeja da Gumel da Kazaure. Mai karatu ya riƙe sunan Haɗeja, za a dawo kansa.

Sabuwar jiha, ga yaƙi, ga fari

Jihar da aka miƙa masa suna ce kawai a takarda. Sai a watan Afrilun 1968 jihohin Arewa shida suka fara tafiyar da harkokinsu da kansu, bayan an raba ma'aikata da motoci da kabad-kabad na tsohuwar gwamnatin Kaduna. Kano na da ɗimbin jama'a da kasuwa, amma 'ya'yanta masu ilimin boko mai zurfi ba su da yawa. Ga yaƙin basasa, wanda ya ɓarke a watan Yulin 1967 bai ƙare ba sai Janairun 1970, yana lashe kuɗin ƙasa.

Audu Bako ya tara majalisar kwamishinoni da ta haɗa tsofaffin abokan hamayya. Maitama Sule ɗan NPC ne, Tanko Yakasai ɗan NEPU ne, ga kuma Aminu Dantata daga ɓangaren 'yan kasuwa. A zamaninsa ne aka karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e, aka kuma sake fasalin mulkin ƙananan hukumomi. Ya buɗe makarantun mata, ya gina sakatariyar da ake kira da sunansa yau, ya kafa gidan zu. Amma abin da ya fi ba wa ƙarfi shi ne ruwa.

Dalilin a fili yake. Manomin Kano yana aiki wata huɗu ko biyar, sauran shekara ya tafi cin rani. Birnin Kano na faɗaɗa, masana'antun Bompai na neman ruwa. Koguna kuwa suna cika su batse a watan Agusta, kafin tsakiyar rani sun koma rairayi. Kudancin jihar, wato Doguwa da Tudun Wada da Kiru da Bebeji, ya fi ko'ina samun ruwan sama, kuma daga tsaunukan can kudu Kogin Kano ke gangarowa, ya ratsa dajin Falgore, ya haɗu da Kogin Challawa, su zama Kogin Haɗeja. Tun a shekarun 1960 ƙwararru daga hukumar madatsun ruwa ta Amurka suka yi nazarin kogunan yankin, suka nuna wuraren da za a iya datsewa. Rahoton yana nan. Wanda zai ce a fara ne ba a samu ba.

A 1969 aka fara ginin dam ɗin Bagauda, shi ma a ƙasar Bebeji, don ya shayar da gonar gwaji ta Kadawa. Gwaji ne na abin da ke tafe. Daga 1971 zuwa 1974 aka gina Tiga: tudun ƙasa mai tsawon kusan kilomita 6, tsayinsa mita 48, an tsara ya riƙe ruwa kusan mita kubik biliyan biyu. Kamfanin NEDECO na ƙasar Holan ne ya yi tsarin filayen noman ranin da za a shayar, kashin farko hekta 22,000 a ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam na yau.

Wani abin da Kanawa ke alfahari da shi har gobe shi ne, sashen ruwa na ma'aikatar ayyuka ta jihar ne ya yi ginin da injiniyoyinsa da leburorinsa da katafilolinsa, ba a miƙa wa wani katafaren ɗan kwangila daga Turai ba. Daga wannan sashe ne hukumar WRECA ta samo asali, wadda ta ci gaba da gina madatsu irin su Watari da Tomas da Gari da Kafin Ciri, wasu bayan Audu Bako ya bar mulki.

Agogo uku

Aikin Tiga ya gudana ne agogo uku na kaɗawa a kansa.

Na farko agogon damina ne. Dam ɗin ƙasa ba a zuba shi a rana ɗaya. Ana shimfiɗa ƙasa hawa-hawa, a jiƙa ta daidai gwargwado, a bi ta da injin dannewa, a ɗebi samfuri a auna, sannan a ɗora wani hawan. A tsakiya ana sa yumɓu don kada ruwa ya tsiyaya. Duk wannan aikin rani ne. Idan aka zo rufe hanyar kogin kuwa, dole tudun ya kai wani tsayi kafin ruwan sama ya sauka, in ba haka ba ambaliya ta hau kansa ta wanke aikin shekara. Ko'ina a duniya a nan ne injiniya ke shiga tsaka mai wuya: awo ya nuna wani hawa bai danne yadda ake so ba, a kwashe a sake a rasa mako biyu, ko a ɗora a ci gaba tunda hadari ya fara haɗuwa a gabas?

Na biyu agogon siyasa ne. A watan Oktoban 1970 Gowon ya yi alkawarin miƙa mulki ga farar hula a 1976. Kowane gwamna ya san kwanakinsa ƙidayayyu ne, kuma jihohi 12 na kallon juna, kowa na son ya nuna abin da ya yi. Tsarin raya ƙasa na biyu, na 1970 zuwa 1974, shi ma yana da ranar ƙarewa, kuma kuɗin da ba a kashe ba ba lallai ya jira ba.

Na uku shi ya fi tsanani. Daga 1972 zuwa 1974 fari ya afka wa yankin Sahel. Amfanin gona ya ƙone a arewacin jihar, dabbobi suka mutu, mutane daga Nijar suka kwararo Kano neman abinci. Gyaɗa, wadda dalarta ke tambarin arzikin Kano, ta fara durƙushewa, cutar da ta kama ta a 1975 ta ƙarasa ta. A daidai lokacin kuma farashin man fetur ya yi tashin gwauron zabo a ƙarshen 1973, kuɗi ya fara shigowa jihohi fiye da yadda aka saba. Ga yunwa a ƙofa, ga kuɗi a hannu. Duk ma'aikacin da zai tashi a irin wannan yanayi ya ce a dakata a ƙara bincike, sai ya shirya a kira shi mai hana ruwa gudu.

Kuma babu wata majalisar dokoki da za ta ce a dakata. Gwamnan soja da doka ta alƙalami yake mulki. Abin da ya sa aka gama Tiga cikin shekaru kaɗan ke nan, a ƙasar da ƙaramar gada kan ci shekara goma. Shi ne kuma ya sa wanda aikin ya taka bai da inda zai kai ƙara sai wurin dagacin da aka aiko ya sanar da shi ranar tashi.

Waɗanda aka tasa

Mutanen da tafkin ya tasa sun haura dubu goma. Manoma ne da ke zaune a bakin kogi, a ƙasa mafi kyau a yankin, suna noman damina a tudu, da rani su sauka fadama su yi rake da albasa da shinkafa. Akwai kuma Fulani makiyaya da burtalinsu da mashayarsu suka nutse.

An biya diyya, amma yadda doka ta tsara diyyar shi ne matsalar. Dokar mallakar ƙasa ta Arewa ta 1962 ta ɗauki ƙasa a matsayin abin da ke hannun gwamnati a madadin jama'a. Idan gwamnati na bukatar fili don amfanin kowa, abin da take biya shi ne abin da mutum ya ɗora a kan ƙasar: gini, shuka, itatuwa masu amfani. Ɗakin laka da jinka ba su da wani kuɗi a takardar mai ƙiyasi. Fadamar da ta ciyar da gida tun kaka da kakanni, wadda ita ce ainihin dukiyar, kuɗinta bai fito a lissafin yadda ya kamata ba. Ma'aikacin da ya bi doka sau da ƙafa ya yi aikinsa daidai, kuma manomin ya tashi da asara. Duka biyun gaskiya ne.

An ware musu sababbin matsugunai a kan tudu. Masu binciken da suka bi sawunsu daga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a shekarun da suka biyo baya sun ji koke iri ɗaya: kuɗin bai isa ba, ƙasar ba ta kai wadda aka bari ba, ruwan sha ya yi wuya. Na ƙarshen nan ya fi ciwo, a ce an tashe ka saboda ruwa ka koma inda kake neman na sha.

Ba wai ba a san wata hanya ba. A Kainji, wanda aka gama a 1968, gwamnatin tarayya ta tashi mutum kimanin 44,000, ta gina musu gidaje da sababbin garuruwa irin su Sabuwar Bussa. Can ma an yi ƙorafi a kan fasalin gidajen, amma aƙalla an ɗauki sake tsugunar da mutane a matsayin wani ɓangare na aikin, da kasafinsa da ma'aikatansa. A Tiga ƙarfin ya tafi ne kan tudun ƙasa.

Akwai kuma wani abu da yanayin ƙasa ya hukunta. Ruwan Tiga gangara yake bi, babu injin da ke tura shi. Babbar magudanar ta fita daga dam ɗin ta nufi arewa, ta bi ta Ruwan Kanya, ta sauka filayen Kadawa da Kura. Wannan dabara ce mai kyau, domin ta sa aikin bai dogara da wutar lantarki ko man dizal ba, shi ya sa har yau yake raye. Amma ma'anarta ita ce, waɗanda suka ba da ƙasarsu a Bebeji da Tudun Wada suna sama, waɗanda suka samu ruwan suna ƙasa.

Alkama ko dawa

Su ma na ƙasan ba a ruwan sanyi suka karɓi aikin ba. A nan adalci ya wajaba: mafi yawan share filayen an yi shi ne bayan saukar Audu Bako, musamman bayan 1976 da gwamnatin tarayya ta kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ta karɓi aikin. Amma tsarin da aka bi tun zamaninsa aka zana shi.

Ana auna gonakin ƙauye, katafila ta shiga ta baje, a tuge ɗorawa da kuka da tsamiya, a haƙa magudanai, sannan a mayar wa kowa fili bayan an rage wani kaso na hanyoyi da magudanan. Kafin a gama, wani ya rasa damina ɗaya, wani fiye. Ɗorawar da aka tuge kuwa ita ce daddawar da mata ke samun kuɗin kashewa da ita.

Masu tsarin alkama suke so. Najeriya na kashe kuɗi mai yawa wajen shigo da ita don burodi, ana ganin Kano za ta toshe wannan rami. Alkama sanyin hunturu take bukata, dole a shuka ta wajen tsakiyar Nuwamba. Dawa kuwa, abincin gidan manomi, karanta na danga da jinka da abincin dabbobi, ba ta isa girbi sai wajen wannan lokaci ko bayansa. Don haka aka riƙa matsa wa manoma su bar dawa su shuka abin da ke nuna da wuri. Malamin gona na da adadin hektar alkama da ofis ke jira daga gare shi, manomi na da bakunan da zai ciyar. Da yawa suka ci gaba da shuka dawarsu.

Tina Wallace, wadda ta yi bincike a yankin a ƙarshen shekarun 1970, ta nuna yadda noman ranin ke bukatar kuɗin taki da ƙwadago da hayar tarakta da ƙaramin manomi ba shi da su, har wasu suka koma ba da filayensu haya ga masu hali da ma'aikata daga birni. Gunilla Andrae da Björn Beckman sun fitar da littafi a 1985 a kan yadda burin noman alkama ya zama tarko ga ƙasar. Ruwan da ke kwance a magudanai shekara zagaye ya kuma zo da tsargiya da ƙarin sauro.

Duk da haka, wanda ya ce aikin bai yi amfani ba bai bi hanyar Kano zuwa Zariya da rani ba. Manoman sun juya aikin zuwa abin da ya fi musu: tumatir, albasa, masara, daga baya shinkafa. Kura ta zama garin shinkafa, kwandunan tumatir na Kadawa da Kwanar Gafan suna cika manyan motoci zuwa Legas. Dubban gidaje sun daina cin rani. Birnin Kano na sha daga ruwan da Tiga ke saki ta matatar Tamburawa. Abin da ba a cimma ba shi ne lissafin takarda: shekaru da dama filin da ake shayarwa bai kai hekta 22,000 da aka tsara wa kashin farko ba, kashi na biyu kuwa bai tabbata yadda aka zana shi ba.

Haɗeja ba ta cikin lissafi

Babban abin da aikin ya tsallake yana da nisan kilomita ɗaruruwa daga Tiga. Bayan Kogin Haɗeja ya wuce Wudil da Ringim, yana isa wata shimfiɗaɗɗiyar ƙasa tsakanin Haɗeja da Nguru da Gashuwa, ya rarrabu ya malala. Ambaliyar da ake gani kamar ɓarna ce a Kano, a can ita ce rayuwa. Da ita ake noman shinkafa, in ta janye a shuka wake da sauran amfanin rani a danshin da ta bari, a kama kifi, shanu su samu ciyawa, rijiyoyi su cika.

Tiga ya riƙe ambaliyar Kogin Kano. Wani kaso mai yawa na ruwan da aka tara kuma rana ce ke shanye shi daga saman tafkin kafin ya amfani kowa. Faɗin ƙasar da ruwa ke malalewa a kai a Haɗeja da Nguru ya ragu ƙwarai idan aka kwatanta da shekarun 1950 da 1960. Ba dam ne kaɗai ya jawo haka ba, farin 1970 da na 1980 ma sun yi nasu. Amma a nan ma akwai darasin gaggawa: bayanan awon kogin da aka yi tsarin da su na 'yan shekaru ne, kuma shekarun da aka yi damina mai albarka.

A farkon shekarun 1990 masana tattalin arziki, cikinsu har da Edward Barbier da William Adams, suka zauna suka yi lissafin da ba a yi ba tun farko. Suka auna abin da fadamun Haɗeja da Nguru ke samarwa na amfanin gona da kifi da itacen girki, suka kwatanta da abin da filayen noman rani na Kano ke samarwa. Sakamakon ya nuna cewa a kan kowace mitar ruwa, fadamar ta fi aikin gwamnati riba nesa ba kusa ba.

Abin lura shi ne, Haɗeja a lokacin ba wata jiha ba ce. Talakawan Audu Bako ne, kamar na Kura. Jigawa sai a 1991 aka ƙirƙire ta. Ba ƙiyayya ce ta sa aka tsallake su ba. Manomin fadama ba ya cikin kundin kowace ma'aikata, ba ya sayar wa hukumar ciniki, abin da yake nomawa ba ya fitowa a rahoton shekara. A idon masu tsari na wancan zamani, a Najeriya da wajenta, ruwan da ya wuce ba a tare shi ba ruwa ne da ya tafi a banza. Babu kuma dokar da ta tilasta a duba. Dokar auna illar manyan ayyuka ga muhalli sai a 1992 Najeriya ta yi ta, shekaru 18 bayan an rufe kogin.

Daga baya wata matsalar ta ɓullo ta inda ba a zata ba. Ruwan da ake saki da rani ya sa rassan kogin da a da suke bushewa suka daina bushewa. Ciyawar kachalla ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki, ta zama maɓoyar tsuntsayen jan baki masu cinye hatsi. Wani gari ya rasa ruwa, wani kuma ruwa ya kwanta masa a gona ya ƙi tafiya.

Hukuncin 1975

Ranar 29 ga Yuli 1975 aka hamɓarar da Gowon yana taron ƙasashen Afirka a Kampala. Murtala Muhammed, ɗan Kano, ya hau mulki, ya sauke gwamnonin 12 gaba ɗaya. Kanar Sani Bello ya karɓi Kano.

Sabuwar gwamnatin ta kafa kwamitin binciken kadarorin tsofaffin gwamnonin. A farkon 1976 aka bayyana sakamako: goma daga cikin 12 an same su da laifin amfani da muƙami wajen tara dukiya, aka kore su daga aiki, aka ƙwace wasu kadarorinsu. Biyun da aka wanke su ne Mobolaji Johnson na Legas da Oluwole Rotimi na Jihar Yamma. Audu Bako yana cikin goman.

Masoyansa ba sa son a tabo wannan babi. Sukan ce binciken zamanin Murtala an yi shi da zafi da sauri, kuma gaskiya ne wankin ma'aikata na lokacin ya haɗa da masu laifi da marasa laifi. Amma hukuncin yana cikin tarihi, kuma tarihin mutum ba a karanta rabinsa. Abin da ya fi jan hankali shi ne abin da kwamitin ya tambaya. Ya tambayi gidaje da filaye da hannun jari. Babu wani kwamiti da aka kafa ya tambayi yadda aka ƙiyasta fadamar mutanen Tiga, ko abin da zai sami masuntan Nguru.

Audu Bako ya koma noma bayan saukarsa. Ya rasu a 1980.

A watan Afrilun wannan shekarar, a Bakolori da ke tsohuwar Jihar Sakkwato, manoman da aka karɓe wa gonaki don wani aikin dam da noman rani suka tare hanyoyi suna neman diyyarsu. Aka tura 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka buɗe wuta. Adadin da gwamnati ta bayar na waɗanda suka mutu kaɗan ne, mutanen yankin da masu bincike suka ce sun fi haka sosai. Tiga bai kai ga jini ba. Amma koken iri ɗaya ne, kuma dokar diyyar da salon aikin duk daga tushe ɗaya suka fito.

Abin da ruwa ya nuna daga baya

A watan Agustan 1988, bayan ruwan sama mai yawa, dam ɗin Bagauda ya ɓalle. Ruwan ya share gonaki da gidaje, aka rasa rayuka. Shi ne ɗan fari a madatsun Audu Bako, bai cika shekara 20 ba. An sake gina shi, otal ɗin da ke gefensa kuma yanzu reshen Makarantar Horas da Lauyoyi ta Najeriya ne.

Ɓallewar Bagauda ta sa aka koma aka dubi babban yayansa da idon tsoro, domin abin da Tiga ke riƙe da shi ya ninka na Bagauda sau da yawa, kuma garuruwa ne jere a ƙasansa har zuwa Wudil. A 1992 aka rage tsayin makwararar da rarar ruwa ke fita ta cikinta da kimanin mita uku da rabi, don kada tafkin ya riƙa cika har inda aka tsara tun farko. Wato an sadaukar da wani babban kaso na ruwan don tudun ya zauna lafiya. A wannan shekarar ce kuma aka kammala dam ɗin Challawa a Ƙaraye, aka tare ɗaya kogin da ya rage wa Haɗeja.

Dajin Falgore, wanda aka ɗaga darajarsa zuwa gandun namun daji a shekarun 1960, yana da aikin da ba a cika faɗa ba: shi ke riƙe ƙasar Doguwa da Tudun Wada kada ruwa ya kwashe ta ya zuba a tafkin. Duk itacen da aka sare a can don gawayi, laka ce ke ƙaruwa a gindin Tiga. A 'yan shekarun nan an gyara magudanan Kadawa da Kura da rancen Bankin Duniya a ƙarƙashin shirin TRIMING, an kuma ɗora wa dam ɗin tashar samar da wutar lantarki.

A ƙauyukan da ke kewaye da tafkin, jikokin waɗanda aka tasa sun koyi su, wasu sun koma kasuwar kifi ta Tiga. Idan rani ya yi ruwa ya ja baya, sukan bi shi su shuka a danshin da ya bari, a kan ƙasar da a da gonakin kakanninsu ne. Wanda ke son ya shayar da fili a kan tudu kuwa, sai ya sayi injin ban ruwa da fetur da kuɗinsa, ya ja tiyo daga bakin tafkin.